Ankon Kaka Laraba

Rigar aiki ce ta kai Uwaisu shagon Maijidda. Yana cikin yi wa wani bijimi allura a kasuwar dabbobi, ƙaho ya kama aljihun rigar ya ɓarke shi har ƙasa. Ya tuɓe ta ya saɓa a kafaɗa, ya faɗa shagon ɗinki na farko da ya gani a hanyarsa ta komawa cikin garin Daura.

Yarinyar da ke kan keke ta ɗago ta dube shi, ta dubi rigar.

"Malam, mu nan kayan mata muke ɗinkawa."

"Ki taimaka. Allurar taki ai ba za ta gane ta namiji ba ce."

Ta yi ƙoƙarin danne dariya, ta kasa. Ta karɓi rigar ta juya ta. Shi kuwa ya tsaya yana kallon yadda ta ɗan cije leɓe tana zura zare, har ya manta an ba shi kujera.

Da yamma ya tura saƙo ta lambar da ya kwafa a allon shagon.

"Assalamu alaikum. Mai rigar da sa ya yaga ne. Aljihu ya zauna daram. Ni ne dai ban zauna daidai ba tun da na bar shagonki."

Sai washegari ta amsa.

"Wa alaikumus salam. To Likitan Shanu, a riƙa yin nesa da ƙaho."

Kafin damina ta ɗauke, Likitan Shanu ya koma Likitana, ita kuma ta zama Jiddata. Ya nemi izini, aka ba shi, ya riƙa zuwa zance gidansu a cikin gari duk Alhamis da Lahadi. Mahaifinta, Alhaji Mansur, ɗan kasuwar hatsi ne, mutum mai ƙarancin magana. Ya sha ganin Uwaisu a sahun farko a masallacin unguwa, kuma abin ya kwanta masa.

Akwai abu ɗaya da Uwaisu bai taɓa faɗa wa Maijidda ba.

Mahaifinsa, marigayi Malam Abdulmuhaimin, ba a Musulunci aka haife shi ba. Ɗan Unguwar Mati ne, wani ƙaramin ƙauye ta wajen Baure, inda danginsu Hausawa ne Kirista. Yana saurayi ya musulunta, ya dawo Daura, ya auri Zubaida, suka haifi Uwaisu. Bai taɓa yanke zumunci ba har ya koma ga Allah. Mahaifiyar marigayin, Laraba, tana nan da ranta, da ƙaninsa Sama'ila, da 'ya'ya da jikoki cike da gida.

Uwaisu ya taso yana son mutanen nan. A makarantar kwana ne abin ya sauya. Wata ranar ziyara Kaka Laraba ta kawo masa ƙuli-ƙuli da yaji, da ɗan gicciyenta a wuya. Kafin ta kai bakin ƙofa yara sun laƙa masa "ɗan arna", kuma sunan ya bi shi har ya gama. Tun daga nan ya koyi yin shiru. In an tambaye shi dangin uba, sai ya ce suna ƙauye, ya sako wani zancen.

Wata Talata ya biya shagon ya kai wa Maijidda kankana. Yana zaune suna hira aka yi sallama. Mata biyu suka shigo da ƙullin atamfa, a bayansu wata tsohuwa tana dogara sanda.

Tsohuwar ta tsaya cak. Fuskarta ta washe.

"A'a! Angona! Kai ne a nan?"

Uwaisu ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ga gicciyen nan a wuyanta, ga Maijidda tana kallonsu tana murmushi.

"Likitana, ka san Baba ne?"

Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Eh... wata tsohuwa ce 'yar garinmu."

Matan biyu suka dubi juna. Kaka Laraba ta dubi jikanta, ta dubi yarinyar, ta sake dubansa. Hannun da ta miƙo don ta shafa kansa ya koma kan sanda a hankali.

"Haka ne, 'yata," ta ce. "Garinmu ɗaya. Tun yana ƙarami na san shi."

Ta zauna ta kwance ƙulli. Ta ce anko ne na mawaƙan mata na cocinsu, su goma sha huɗu, za su yi taron waƙoƙin godiya na bayan girbi. An gaya musu Maijidda ta iya hannun riga. Maijidda ta ɗauko tef ta fara awo, tana tsokanar tsohuwar, tsohuwar tana ramawa.

Uwaisu ya ce ana nemansa a wurin aiki. Ya fita bai iya kallon kowa ba. Ya hau babur ya yi ta tafiya, sai da ya ga ya kusa fita gari ya gane bai san inda ya nufa ba.

Kwana goma yana ɗaukar waya zai kira Baffa Sama'ila ya haɗa shi da Kaka Laraba, yana ajiyewa.

Ashe akwai mai bibiyarsa. Hafizu, ɗan maƙwabcin su Maijidda mai harkar kaya a Kongolam ta bakin iyakar Nijar, ya daɗe yana sonta, ita kuma ta daɗe tana ce masa yaya. Da ya ga magana na neman yin nisa, ya shiga tambaye-tambaye, ya kwaso abin da ya samu ya zube gaban Alhaji Mansur.

Alhaji ya kira 'yarsa.

"Yaron nan ya taɓa gaya miki su wane ne dangin ubansa?"

"Ya ce suna ƙauye, Abba."

"Suna Unguwar Mati. Kirista ne. Kakarsa ma tana raye, Laraba sunanta, an ce ita ke jan waƙa a cocinsu."

Nan take Maijidda ta tuna. Sunan nan yana rubuce a littafin awonta.

"Ni ban ce yaron ba Musulmi ba ne," in ji Alhaji. "Ina ganinsa a masallaci. Amma wata biyar yana shiga gidana bai buɗe baki ba. In ya iya ɓoye wannan, me kuma ya ɓoye? Ki ce masa ya dakata."

Ta koma ɗaki ta rubuta:

"Na ji komai game da mutanen Unguwar Mati. Na san wace ce tsohuwar da ta zo shagona. Kada ka zo gidanmu."

Uwaisu ya karanta sau uku. Abin da yake tsoro tun yana makaranta ya tabbata ke nan, in ji zuciyarsa. Ya rubuta doguwar amsa ya goge. A ƙarshe ya tura:

"Na gane, Jiddata. Ban ga laifinki ba. Allah Ya haɗa ki da wanda asalinsa ba zai ba ki kunya ba."

Ba ta amsa ba.

Mahaifiyarsa ce ta ga ya daina cin abinci, ta tsare shi. Da ya gama ba ta labari, Zubaida ta dube shi. Rabuwar ba ta tsaya mata a rai ba kamar maganar shagon.

"'Yar garinku? Uwaisu, ka san wace ce ka faɗa wa haka? Lokacin da na haife ka na kwanta ciwo wata huɗu, a bayanta ka rayu. Azumin shekarar a ɗakinta na yi shi. Ita da ba ta azumi, ita take dama mini kunun buɗe-baki, ta hana yara cin abinci a gabana."

"Umma, don Allah..."

"Ba ni za ka ba haƙuri ba. Ranar Lahadi taronsu. Shekara uku kana ce mini aiki ya riƙe ka. Bana ƙafata ƙafarka."

Suka isa Unguwar Mati da hantsi. Tun daga bakin hanya ake jin ƙamshin waina. Gidan ya cika maƙil: ga 'yan Zariya, ga 'yan Kano, ga Rifkatu ma'aikaciyar jinya da ta taso tun daga Jos da tagwayenta. Masu hijabi da masu ɗaurin ɗankwali duk sun haɗu a kan turmi ɗaya.

"Ga ɓataccen nan! Ga likita!"

Aka rufe shi da runguma. Baffa Sama'ila ya riƙe hannunsa ya ƙi saki, yana cewa akuyarsa ta ƙi kiwo, Allah ne Ya kawo shi. Ba wanda ya nuna masa komai a fuska, har da matan nan biyu da suka je shagon. Wannan ya fi masa ciwo fiye da a ce zaginsa suka yi.

Ya sami Kaka Laraba zaune a ƙofar ɗakinta tana ɗaura ɗankwalin anko. Ya zube a gabanta, gwiwa biyu a ƙasa.

"Kaka."

"Wa nake gani kamar ɗan garinmu?"

Da wasa ta faɗa, amma sai hawaye suka ɓalle masa.

"Kaka, ki yafe mini. Ke kika haifi babana. Ke kika goya ni. Na ji kunyar a san ke tawa ce, na ƙi ki a gaban mutane. Tun ranar ban ƙara jin ni mutum ba ne."

Ta gama ɗaurinta tukuna, ta gyara bakin ɗankwalin.

"Ba zan ce maka ban ji zafi ba. Na ji. A mota na yi ta kuka har Baure, direba yana tambaya ko rasuwa aka yi mini." Ta ɗora hannu a kansa. "Amma na ga yadda kake kallon yarinyar. Na ce in na buɗe baki zan ɓata maka, gara in haɗiye. Ubanka da ya zaɓi hanyarsa ban kore shi ba, shi ma bai taɓa sunkuyar da kai don ni ba. Abin da nake so ka gada ke nan. Tashi, na yafe."

"Yarinyar ma ta rabu da ni, Kaka. Ta ji ko su wane ne mu."

Labulen ɗakin ya motsa.

"Ban rabu da kai don su ba."

Maijidda ce, da allura da zare a hannu, da rigar anko ɗaya a kafaɗa. Idanunta sun yi ja. A bayanta ga ƙanwar mahaifinta, Goggo Ummukulsum, zaune a bakin gado da ƙwaryar fura a cinya.

Uwaisu ya rasa inda zai sa kansa.

"Da safe muka kawo ɗinkin da kanmu," in ji Maijidda. "Abba ya ce Goggo ta rako ni ta ga gidan da idonta." Ta matso kaɗan, ta rage murya. "Amsar da ka turo mini ta fi komai ɓata mini rai. Wato kallon da kake yi mini ke nan? Wadda za ta guje ka don kakarka tana zuwa coci? Ni abin da ya hana ni barci shi ne fuskarta ranar nan. Na ce mutumin da ya yi wa wadda ta goya shi haka, ni ranar da na zame masa abin kunya fa?"

"Ba ni da abin cewa, Jidda."

"Na ji abin da ka ce mata. Shi nake jira."

Ya miƙe, ya share fuska, ya juya wajen Goggo Ummukulsum ya rusuna.

"Goggo, wannan kakata ce, Laraba, mahaifiyar babana. Duk wanda kika gani a gidan nan jinina ne. Tun ranar farko ya kamata in faɗa."

Goggo ta kurɓi fura ta ajiye ludayi.

"To, yanzu ka yi magana. Sai ka matsa mana, tsohuwa za ta makara."

A filin da ke gaban cocin aka yi taron, ƙarƙashin manyan bishiyoyin maina. An jera bencina a gaba, an shimfiɗa tabarmi a gefe. Dangin Kaka Laraba kaɗai sun cinye tabarma shida. Zubaida da Goggo Ummukulsum suka zauna wuri ɗaya, kafin a fara har sun gano kakanninsu sun yi maƙwabtaka. Aka ajiye kwanon dambu da na kwaɗon zogale a tsakiya, tagwayen Rifkatu suka haye cinyar Maijidda kamar sun shekara da saninta.

Mawaƙan matasa suka fara, da jita da ganga. Bayansu na wani ƙauye suka hau, mai ba da waƙa ya ɗauko ta da sama sosai har muryarsa ta maƙale, fili ya kwashe da dariya, shi ma ya yi, aka sake daga farko.

Sai aka kira matan Unguwar Mati.

Su goma sha huɗu suka fito a jere cikin atamfa shuɗiya mai zanen ganye, hannun rigunan ya tsaya cas. Biyu suka zauna da tuluna a cinya suna bugun bakinsu da tafin hannu, ɗaya ta ɗauki caki. Kaka Laraba ta miƙa wa wata sandarta, ta tsaya a gaba da ƙafafunta.

Muryar da ta fito daga ƙaramin jikin nan ta sa Goggo Ummukulsum ta saki baki. Tsohuwar tana jero abin da aka samu a bana, gero da dawa da wake, da jariran da aka haifa, da marasa lafiyar da suka tashi, matan suna amsa mata da godiya ga Allah. Tana ambaton gida-gida da suna. Da ta zo kan nata, ta ambaci Sama'ila, ta ambaci marigayi ɗanta da sunan da ya zaɓa wa kansa, Abdulmuhaimin, ta ce ya bar mata jika likita.

Dangi suka ɗauki guɗa. Wani ya daki bayan Uwaisu. Shi kuwa ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma. A gaban ƙauyuka huɗu take kiran sunansa da alfahari.

Wayarsa ta yi motsi a aljihu. Maijidda ce, daga tabarmar mata, taku biyar tsakaninsu.

"Ɗago kanka, Likitana. Kai take kallo."

Ya ɗago. Ya miƙe tsaye, shi kaɗai a cikin mazauna, ya yi ta tafi har waƙar ta ƙare.

Da la'asar ta yi, mai gabatarwa ya ce za a ɗan huta don baƙi su yi salla. Kafin su tashi Baffa Sama'ila ya riga ya jera butoci a bayan gida, ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya nuna musu gabas. Da suka idar aka dawo fili, aka ci gaba har rana ta yi sanyi. A waƙar ƙarshe kowa ya tashi, yara suna tsalle, Rifkatu ta ja Zubaida, Zubaida tana dariya tana cewa ita dai tafi kawai za ta yi.

A hanyar zuwa mota Uwaisu ya bi da Maijidda wajen dangi ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin sunan kowa da yadda suke. Aka cika mata jaka da gyaɗa da kuka da ƙwan zabi.

Kwana biyu bayan nan Alhaji Mansur ya aika a kira shi. Uwaisu ya zauna a ƙasa a zaure, bai jira tambaya ba, ya faɗi komai, har abin da ya yi a shagon.

Alhaji ya saurara har ƙarshe.

"Ummukulsum ta ba ni labari. Sama'ila na Unguwar Mati kuma na san shi, shekara da shekaru ina sayen geronsa. Buhunsa ba ya buƙatar a kwance a duba." Ya gyara zama. "Ka yi abin kunya, kuma ka san ka yi. Ba zan ƙara maka ba. Ka turo manyanka. Da na wajen uwa da na wajen uba, duka nake son gani a zauren nan."

Hafizu ya sake zuwa da wata maganar. Alhaji ya ce masa ya gode, bincike ya ƙare.

Bayan wata uku aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji, ranar Asabar da hantsi. Kawun Uwaisu na wajen uwa ya karɓa masa. Baffa Sama'ila yana zaune a layin gaba cikin babbar riga, Alhaji da kansa ya kama hannunsa ya kai shi wurin. Motoci biyu suka zo daga Unguwar Mati, mata suka shiga cikin gida da tukwanen waina, aka rasa gane dangin ango da na amarya.

Da yamma, kafin a kai amarya ɗakinta, aka zaunar da su biyun a gaban manya. Zubaida ta yi musu addu'a, Goggo Ummukulsum ta yi nasiha. Aka ce saura Kaka.

Tsohuwar ta kama hannun Maijidda da hannun jikanta ta haɗa a cinyarta.

"Ni ban iya dogon jawabi ba sai a waƙa, yau kuma muryar ta tafi wajen guɗa. Allah Ya ba ku zaman lafiya. Ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙai. In sun zo, ku kawo mini su da wuri, ina so in goya ko ɗaya ne kafin bayan nan ya gama lanƙwashewa."

"Amin," in ji ɗakin gaba ɗaya.

Maijidda ta matse yatsun mijinta a ƙarƙashin mayafi. Uwaisu ya duƙa ya sumbaci hannun kakarsa, ya daɗe bai ɗago ba.